Gangar Sodangi Mai Riga Bakwai

A shekarar da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihunsa, har sabulu ya zama abin bin layi, aka tsayar da ginin wani katafaren otal a birnin Sakkwato, aka sallami leburori. Kowa ya koma garinsu da abin da ya samu. Wani ya koma da keke, wani da ciwon baya. Sodangi ya dawo mana Bodinga da hular kwano ruwan ɗorawa, da kuma suna Injiniya, wanda shi ya raɗa wa kansa tun motar ba ta bar tasha ba.

Katangarmu ɗaya da shi, saboda haka labarin nan ba ji na yi ba. Na gani da idona, na kuma shaƙa da hancina.

Aikin da ya yi a birni bai wuce riƙe wa wani injiniya tsani ba. Shi injiniyan yana sama yana naɗe bututun ruwan zafi da wani abu mai kama da auduga, ya rufe da kwano, don kada ruwan ya huce kafin ya kai ɗakunan baƙi. Sodangi yana ƙasa yana kallo, baki buɗe. Abin da ya faɗo masa daga saman tsanin nan shi ne dukan iliminsa, kuma tsakani da Allah rabinsa gaskiya ne. Rabin da ya maƙale a sama shi ya ja mana.

Kullum da hantsi sai ya kafa hularsa ya nufi rumfar Mode tela a bakin kasuwa, inda marasa aikin yi ke taruwa. A shekarar nan kuwa marasa aikin yi sun fi ƙarfin rumfar.

"Ku nan kun ɗauka zahi zaune shike wuri guda," in ji shi. "A'a. Zahi matahiyi na. Kullum daga inda yay yi yawa shika tashi, shi nuhi inda babu shi. In ya samu ƙarhe, sukuwa shikai. In ya samu yumɓu, sai tahiyat tsohuwa. In ko yag gamu da auduga, tau sai rarrahe."

Mode bai ɗaga kai daga keken ɗinki ba. "In yag gamu da hulak kwano hwa?"

"Mi kaka nuhi?"

"Na ga tun da kad dawo kanka ka tahwasa."

Aka kwashe da dariya. Sodangi ya bari aka gama, sannan ya tsinci ƙaramin gwangwani ya jefa cikin babba, ya cusa ƙyallayen Mode a tsakani, ya ɗaga sama.

"Ku duba nan. Abu cikin abu, riga bisa riga. Dut rigad da zahi yak keta, sai ƙarhinai ya ragu. Kahin shi kai tsakiya ya galabaita. Ku ba ni ganga guda, in aje muku man shanu tsakiyab bazara, shi kwana shi tashi daskare."

Da a kan man shanu ya tsaya, da asarar ba ta wuce ƙwarya guda ba. Sai abin ya faɗa kan albasar surukinsa.

Malam Arzika na Danchadi, uban matarsa Safinatu, yana da wata jar albasa da ya gada wurin mahaifinsa, duk fadamar ba mai irinta. Kowace shekara in an cire albasa, sai ya zauna ya zaɓe manya marasa tabo, ya ajiye a rudu, wato ɗan rumbun kara da iska ke ratsawa ta ko'ina, har zuwa lokacin da za a dasa su su yi fure su ba da iri. In waɗannan suka lalace, irin ya ƙare ke nan. Bara zafi da laima sun cinye masa rabi. Abin ya dame shi, har ya yi kuskuren faɗa a wurin wani suna, Sodangi na zaune.

Sodangi ya gyara hula. "Baba, rudu ai aikin mutanen da na. Ba ni su. Ganga zan yi musu wadda ko rana tas sauko tak kwanta bisanta, ba ta samun hanya. Ko guda ba ta ruɓewa."

Malam Arzika ya sunkuyar da kai ya ce, "Madalla."

To a wurinmu mutum ba ya jayayya da mijin 'yarsa ta fari. Ba ya faɗin sunansa, ba sa haɗa ido. Da Sodangi ya ce zai ɗaure rana da igiya ya ja ta zuwa Kajiji, madallar nan dai zai samu. Kowa a wurin ya san haka, ban da Sodangi. Ranar Juma'a, tsoho na masallaci, sai ga Sodangi da jakai. Surukarsa Inno ta ji muryarsa ta faɗa ɗaki don kunya, duk abin da ya ce ta amsa da "to" ta bayan labule. Ya kwashe rudun tas. Da tsoho ya dawo ya daɗe a tsaye yana kallon rudu. In ya bi sawu ya karɓo kayansa kuwa, daidai yake da ya yi shela cewa sakarai ya ba 'yarsa. Ya shige ɗaki, ranar ko tuwo bai ci ba.

A Bodinga, Sodangi ya zazzage albasa a tsakar gida, ya ga ƙasa a jikinta da busasshen ɓawo, ya yamutsa fuska. Ya jawo daro ya cika da ruwa.

Safinatu ta fito daga madafa da muciya a hannu. "Malam, mi za ka yi?"

"Wanka zan yi musu."

"Albasat iri? Ni tun da nit tashi gidanmu ban ga an yi mata wanka ba."

"Gidanku rudu na. Nan kamhwani na. Injiniya ba shi aiki da dauɗa."

Ya wanke su ɗaya bayan ɗaya, ya ɓare musu busasshen ɓawon nan har suna sheƙi, ya zuba su da danshinsu cikin gangar ƙarfe. Ya danna murfi, ya liƙe da kwalta, don kada zafi ya samu ko kafar allura. Sannan aka shiga sa wa ganga riguna. Ta fari yumɓu ce. Ta biyu auduga, wadda ya farke katifarsu ya ciro, suka koma kwanan tabarma. Ta uku buntun shinkafa, aka kewaye da zana aka ɗaure tamau. Ya ja da baya ya harɗe hannuwa, ya ce wa Safinatu ta gaya wa maƙwabta kallo kyauta ne, amma ban da taɓawa.

Kajin unguwa ne suka fara gano wani abu. Da asuba, lokacin da gari ke ɗan hucewa, sai ka gan su sun jeru sun manna ƙirji a jikin zana. Mage ta bar bakin murhu ta tare can. Mode ya biyo bayan sallar asuba, ya zura hannu ta tsakanin zana, ya janye.

"Injiniya, abin ga da ɗumi."

"Dole na. Zahin rana na yam maƙale ga riga ta ukku, ya rasa hanya."

"Rana ba ta hito ba tukun."

"Na jiya na. Nan yak kwana."

"Tau yaushe za shi tahi?"

"Sai ya gaji da jira."

Amma maganar ta tsaya masa a rai. Ya ɗauki buhu ya bi gida-gida yana kwashe tokar murhun mutane, ya yi wa ganga riga ta huɗu. Bayanta ya yi sanyi. Ya aika aka kira Mode, ya kama hannunsa ya ɗora. "Ka jiya? Ya ji kunya ya koma gidansu."

Abin da Sodangi bai sani ba, mu ma lokacin ba mu kawo a rai ba, albasa rai gare ta, numfashi take yi. In kuma ta jiƙe ta fara ruɓewa, wutar kanta take hurawa, kamar yadda juji ke yi bayan ruwan fari. Zafin nan ba baƙo ba ne mai neman shiga, ɗan gida ne mai neman fita. Duk rigar da aka ƙara, ƙofa aka ƙara rufe masa.

Bayan 'yan kwanaki ɗumi ya keto toka, kaji suka dawo. Ya ƙara riga ta tsofaffin buhuna. Ya sake ketowa. Ya ƙara ta ƙyallayen tela, wadda Mode ya ba shi da hannu biyu don yana son ya ga ƙarshen abin. Ta bakwai bargon aurensu ne, aka yaɓe shi da laka da kashin shanu. Ganga ta yi ƙiba ta cinye tsakar gida. Safinatu ba ta isa madafa sai ta bi ta gefe-gefe, bayanta na gogar katanga, tukunya a ka.

"Malam," ta ce, "ko dai mu za mu tashi mu bar mata gidan?"

"Matan injiniyoyi na birni sun hi haka haƙuri."

"Su ma bisa tabarma suka kwana?"

Don ya rufe bakin masu tsegumi, sai ya samo rodi, ya kafa a cikin ganga ta gefe, ya yi ta duka da guduma har ya ji ya taɓo ƙarfen ciki, ƙwal. Ya ce ƙarfe ba ya ɓoye labari, abin da ke ciki shi zai kawo waje. A nan ma gaskiya ya faɗa. Washegari ya tara mu, ya naɗe hannun riga, ya damƙi bakin rodin.

Na ga fuskarsa ta canza. Idonsa ya kawo ruwa. Ya riƙe, ya riƙe, yatsun ƙafarsa suna tonon ƙasa, sannan ya saki a hankali ya soke hannun a hammata.

"Yaya?" in ji Mode.

"Sanyi na. Sanyi in yay yi yawa, hakanan shika cizo."

"Allah sarki. Ƙara riƙewa mu gani."

"Ba a riƙe shi sau biyu rana guda. Doka ta."

Daga ranar Safinatu ta samu wurin rataya tukunyar kunu, ba ya hucewa har azahar. Wata kaza kuma ta yi ƙwai a cikin wani lungu na rigar buhuna, ta ga ba a bukatarta, ta tafi yawonta. Ba mu ankara ba sai kukan 'yan tsaki. Kafin mako ya zagayo matan unguwa sun fara aiko da ƙwan zabi a ɓoye a sa musu. Da Sodangi ya gane, ko a jikinsa. Ya je rumfar Mode ya ce dama da gangan ya yi, gangar aiki biyu take yi, sanyi a ciki, ƙyanƙyasa a waje, ko Turawa ba su kai nan ba.

Sai ganga ta fara magana. Da fari ɗan ƙugi ne irin na cikin da ya sha wake. Daga baya ya zama gurnani, har akuyarmu ta daina zuwa gindin katanga.

Ana cikin haka Malam Arzika ya zo cin kasuwar Bodinga, ya biyo. Bai wuce zaure ba, ya zauna a bakin tabarma yana kallon sandarsa. Sodangi ya tsuguna can nesa, hular kwano a ka. Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka tambayi zafi da mutanen gida. Sai can tsoho ya ce, kamar da sandar yake magana, "Lahiyak kaya?"

"Baba, barci sukai. Sanyin da suka sha, ko Jos sai hakanan."

Daga cikin gida ganga ta ce guuurrr.

"Mi ka kuka?"

"Zahi na, Baba. Shina kukan an hana shi shiga."

Tsoho ya ɗan ɗaga hanci, ya sauke. Sannan ya ce, "Wani mutumin Mandera ya yi man tayin irinai, nic ce ina da nau. Albasag ga, tun ban kai tsawon sandag ga ba nika bin mahaihina muna zaɓenta." Ya miƙe, ya ce a gaida mutanen gida, ya tafi.

Safinatu tana bayan ƙofa, ta ji komai. Ta fito tana hawaye. "Malam, don girman Allah buɗe mu gani. Ko rabi a hidda."

"In buɗe zahi shi shiga? Wata guda shina jiran wagga rana! Gangag ga ba ta buɗuwa sai gaban manya."

Manyan kuwa suka samu. Aka yi shela cewa za a yi taron manoma a Shagari kafin faɗuwar damina, za a raba taki. Da ranar ta matso aka ce takin yana kan teku, amma tun da an riga an kafa rumfuna, duk mai wata dabarar noma ta gida ya kawo a gani. Sodangi ya ce wannan taro don shi aka ƙirƙire shi. Ya yi sauri ya haɗa wata ganga ta biyu, ita ma da rigunanta bakwai amma ba komai a ciki, da murfin katako da ɗan ramin rodi a gefe, don manya su leƙa su ga yadda aikin yake.

Ranar tafiya aka tarar uwar gangar ta fi ƙofa faɗi. Aka ce a rage mata riga, ya ce sai dai a rage wa gida. Katangar da aka fasa tamu ce, ta tsakanina da shi, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Ta cikin gidana aka mirgino ta, ta bi ta kan tattasaina, ƙarti suna nishi, 'yan tsaki suna zubowa.

Lawali direba ya zo da a-kori-kurarsa, ya zagaya kayan, ya toshe hanci da hula.

"Injiniya, hwaɗa man gaskiya. Wa yam mutu?"

"Kimiyya ta."

"Tau Allah shi jiƙanta. Ta kwana biyu."

Ni da Mode muka hau baya, don ba a ba mu labari. Mota ta kama hanyar Shagari, rana ta buɗe, duk ramin da aka faɗa sai ganga ta amsa. Ba mu yi nisa ba na ɗaga kai na ga ungulu uku suna bin mu. Kafin mu shiga gari sun zama jama'a. Masu tallar fura a bakin hanya suna ganinmu suna rufe ƙwarya.

Filin taro ya cika. Ga manoman Kajiji, ga na Mandera, ga na Danchadi. A rumfar gaba ga wakilin hakimi da rawaninsa, ga wani babban jami'in gona daga Sakkwato cikin farar babbar riga mai aiki har gwiwa, sai fifita yake da takarda. Wani ya nuna garmar da jaki ke ja, wani ya nuna tarkon gafiya. Can baya, a gindin wata bishiyar bedi, na hango Malam Arzika zaune shi kaɗai da sandarsa.

Da aka kira Sodangi, sai da ya sa aka sauke gangunan biyu a tsakar rana, wai don kada a ce inuwa ta taimaka. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya tashi ya buga hularsa.

"Ranka shi daɗe, Allah shi ja zamaninka. Yau wata biyu da kwanaki zahin Sakkwato dut shina yaƙi da wagga ganga, bai ci ba. Cikinta akwai albasa tana rawas sanyi. Zan tuɓe mata riguna ɗaya-ɗaya, ku ga inda nik kama shi."

Aka fasa laka, aka yaye bargo. Wani ɗumi ya bugo. "Kun gani? Wanga ƙaramin zahi na, nan ƙarhinai yaƙ ƙare." Aka kwance ƙyallaye, aka kwance buhuna, 'yan zabi suka watse cikin ƙafafun mutane, yara suka bi su. Jami'i ya yi murmushi ya tafa. Aka zubar da toka, sai da masu kwancewa suka ja da baya suna yarfe hannu. Buntu kuwa turiri yake yi.

"Ku dubi yawan wanda nik kama!" in ji Sodangi, gumi na zuba ta ƙarƙashin hula.

Mode ya matsa kusa da shi. "Injiniya, kai kac ce dut rigad da yak keta ƙarhinai raguwa shikai."

"Hakanan na."

"Tau ni na ga muna shiga shina ƙaruwa. Kamag gidansu munka nuho."

"Kai tela na. Tsaya ga wando."

Auduga ta fito baƙa, jiƙe sharkaf. Yumɓu ya tsattsage da kansa. Ga gangar ƙarfe tsirara, murfinta ya kumbura ya yi tozo, tana wani siririn fito ta gefen kwalta. Wakilin hakimi, da yake tsoho ne mai hankali, ya tuna bai yi alwala ba, ya tashi. Sodangi kuwa ya ɗauko kurfi da guduma, ya juya wajen jami'i.

"Ranka shi daɗe, matso kusa. Sanyin hwarko naka na, kada talakawa su riga ka."

Jami'i ya tattara babbar riga ya matso, ya sunkuya, har da lumshe ido.

Dukan farko ganga ta yi tsit. Na biyu ta yi ajiyar zuciya. Na uku ban ji shi ba, don ƙarar da ta biyo baya ta shafe shi. Murfi ya tashi sama ya wuce rumfa, aka ce a wata gonar gero aka tsince shi. Abin da ya bi bayansa ba albasa ba ce, wani baƙin kunu ne mai zafi, ya yi tsiri ya buɗe kamar laima ya sauko kan jama'a. Farar rigar nan ta koma kalar daddawa. Warin kuwa, ni dai na taɓa wucewa ta majema da azumi a bakina, amma ranar na san wasa ne. Jakin mai garma ya tsinke ya ja garmarsa ta cikin rumfar manya. Mai tarkon gafiya ya taka tarkonsa. Lawali ya tada mota ya gudu ba fasinja. Jami'i yana tsaye hannuwa a buɗe, yana son ya yi magana, yana tsoron buɗe baki. Ungulu suka sauko a natse, su kaɗai ne suka ga taron ya yi kyau.

Da hayaniya ta lafa aka nemi Injiniya, babu shi. Wasu suka ce ya bi jaki, wasu suka ce ya bi murfi.

Malam Arzika ya taso daga gindin bedi. Mutane suka dare masa. Ya je bakin fasasshiyar ganga ya leƙa, ya zura sanda ya juya. Sannan ya naɗe hannun riga ya tura hannu har gwiwar hannu cikin abin nan mai zafi, yana lalube, ko zai dace da guda ɗaya mai rai. Ya daɗe yana lalube. Abin da ya fito da shi bai wuce saiwa da ɓawo ba. A nan dariyata ta tsaya, wallahi tausayinsa ya kama ni.

Ya goge hannu da ƙasa. Ya juya, sai idonsa ya faɗa kan ganga ta biyu, wadda ke tsaye a rana da rigunanta bakwai cif, ga bakin rigar Injiniya da muka sani ya leƙo ta ƙarƙashin murfi. Ya taka a hankali, ya hau, ya zauna a kan murfin, ya ɗora sanda a cinya.

Jama'a suka fara dawowa, hanci a toshe. Tsoho ya yafuto Mode, don har a lokacin ba zai yi wa surukinsa magana kai tsaye ba.

"Tela, tambaya man mai gangag ga. Zahi na shiga?"

Mode ya durƙusa ya kafa baki a ramin rodi. "Injiniya, Baba na tambaya, zahi na shiga?"

Can wata murya ta fito kamar daga rijiya. "Ba shi shiga, Baba."

"Madalla," in ji tsoho.

Rana ta take tsaka. Inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa. Wani ya miƙa wa tsoho malafa, ya karɓa ya sa, ya gyara zama. Aka kira azahar, ya ce a je, zai bi sahu na biyu.

"Tela, ƙara tambaya."

"Injiniya, yanzu hwa?"

"Sanyi... sanyi ƙalau."

"Madalla."

Sai muka fara jin motsi. Hular kwano tana bugun katako, ƙwas, ƙwas. Wani huci yana fitowa ta ramin rodi, har Mode ya kau da kunne. Ganga ta ɗan girgiza, tsoho bai ko dubi ƙasa ba.

"Baba..."

"Tela, mi yac ce?"

"Baba, don Allah, don Annabi! Gaskiya ba shi shiga. Amma nau na jikina ba shi hita! Dahuwa nikai!"

Malam Arzika ya dubi hannunsa, inda baƙin ruwan nan ya bushe a tsakanin yatsu. Sannan ya sunkuya da kansa wajen ramin, ba ta bakin tela ba, ya kira sunan da bai taɓa kira ba tun ranar da aka ɗaura auren 'yarsa.

"Sodangi. Kai da kake da baki, ko la'asar ba ka kai ba. Su albasa tun hwarkon bazara sunka so su hwaɗi hakanan."

Ya sauka, ya ɗaga murfin da hannunsa, bai leƙa ciki ba. Ya ɗauki sandarsa ya nufi tasha, yana tambayar mutanen Mandera ko mai irin nan yana nan.